Ranar da Yaya Rifkatu ta jefa maganinta a kwando

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Rifkatu a Kagoro, kuma har yau raina bai huce ba.

Malamar firamare ce, mai ciwon suga, ba ta wasa da magani. Ko biki za mu je Fadan Kagoma, ƙwayoyinta na ƙulle a bakin zane. Muna tsokanarta cewa ta fi likitan kafa doka, ita kuwa ko a jikinta.

Sai ƙawarta Saratu, wadda suke zumuntar mata tare, ta ja ta zuwa wani gidan addu'a a gindin dutse. A can, duk wanda aka ɗora wa hannu sai ya fito ya ba da shaida, ya jefa maganinsa cikin kwandon da ke gaban bagadi. Wanda ya koma gida da nasa, a ce bangaskiyarsa ba ta kai ba. Yaya mace ce mai kunya. Jama'a na tafi, mata na guɗa, Saratu na riƙe da hannunta, sai ta kwance bakin zane ta jefa.

Ta ɓoye mana. Muna ganin tana ramewa, tana ta shan ruwa, in mun tambaya ta ce gajiyar aiki ce. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a aji, likita ya ce mun makara.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne wajen gaisuwa. Saratu ta dafa ni ta yi maganar Yaya da irin Hausarta, ta ce, "Ƙanina, ka yi haƙuri. Da Mama Ticha ya riƙe bangaskiya da ƙarfi, da bai mutu ba." Wato su suka raba ta da maganin, kuma ita ce mai laifi.

Bara aka gano Hannatu, 'yar Yaya, ita ma tana da suga. Na raka ta asibiti a Kafanchan. Wa zan gani a layin masu karɓar magani in ba Saratu ba, da katinta a hannu? Da muka haɗa ido ta sunkuyar da kai ta ce, "Dokta ya ce kar na tsallake ko rana ɗaya." Na kau da kai na koma wajen Hannatu.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Na san halinta, yafewa za ta yi. Ni dai har yanzu ban kai nan ba. Gidan addu'ar na nan, har an yi masa sabon rufi.

Abin da ya rage mana na Yaya shi ne Hannatu. Kowace Lahadi tana majami'armu tana waƙa da muryar uwarta. Kwanan baya wasu mata suka zo su tafi da ita gindin dutsen. Ta ba su ruwa, ta ce, "Iyayena, ku yi mini addu'a daga can, Ubangiji zai ji. Amma maganina ba wanda zai taɓa shi."