Ƙanena Likitan Ayu

Ƙanena ya dawo Madina shekara biyu ko uku da shiga ƙarni na goma sha biyar na Hijira, bayan shekara tara yana karatu a ƙasar Turawa. Ya dawo da akwati biyu, da gilashin ido wanda bai tafi da shi ba, da wata jakar fata da ba ya yarda kowa ya taɓa. Mu a gidanmu na unguwar Bani Harisa abu ɗaya muka sani, wato ya zama duktur. Ummarmu ta riga ta gaya wa duk unguwa, gida gida. Ni ce babbar 'yarta, ina aure layi biyu daga gida, don haka wahalar girkin tarba a kaina ta ƙare.

Da baƙi suka watse bayan la'asar, aka rage ni da Umma da kawunmu, yayanta, sai ya buɗe jakar. Ya ciro takardu shafi goma sha ɗaya, bugun tafureta, ya ce tarihin karatunsa da bincikensa ke nan. Ya gyara gilashi ya fara karantawa da Turanci, yana fassarawa da Larabci, ni kuma ina mayar wa Umma da Hausa. Ita a Madina aka haife ta, amma in magana ta yi tsawo kunnenta na Larabci toshewa yake yi.

Ya lissafa jami'a ta farko da ta biyu, da malaman da suka duba aikinsa, da tarurrukan da ya je a garuruwan da sunansu ke kama da tari. Sannan ya zo kan rubuce-rubucensa. Ya auna zaiba a hantar dolfin, wata dabbar teku. Ya auna dalma a ƙoda. Ya bi maganin ƙwarin da ake fesa wa gona, yadda ruwa ke wanke shi zuwa kogi, kogi ya kai shi teku, har ya taru a kitsen dabbobin ruwa masu shayarwa. Shayi ya huce, aka sake ɗumamawa, ya sake hucewa.

A shafi na bakwai Umma ta ɗaga hannu.

"To ɗana, su waɗannan da ka duba, sun warke?"

"Ya Ummi, ai matattu ake kawo mini."

"Dukansu?"

"Dukansu."

"Shekara tara, ko ɗaya bai tashi ba?"

Kawu ya shaƙe da shayi har sai da na buga masa baya.

Washegari matan da Umma ta yi wa alkawarin duktur zai duba su suka fara zuwa. Ta farko wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu mai ciwon gwiwa. Ƙanena ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata shi ba likitan mutane ba ne, gara ta tafi mustashfa, wato asibiti.

"Au, na dabbobi ne? To ina da akuya da ta daina cin abinci."

"Na dabbobin teku ne, Hajiya."

Ta juya ta dubi taga. Babu abin da ake hangowa sai rufin gidaje da jan dutsen Uhudu. Ta ce, "Ɗan nan, a Madina?" Ta tattara gwiwarta ta fita, ba ta ko sha gahawar da na zuba mata ba.

Da maganar ta tsaya nan da ta mutu a cikin mako guda. Kawu ne ya tayar da ita, ranar da ya ce a nuna masa hoton dabbobin. Ƙanena ya yi murna, don Kawu ne mutum na farko da ya nemi ganin wani abu daga jakar. Ya ciro hoton da aka ɗauke shi tsugune a gaɓar Bahar Maliya, kusa da wata ƙatuwar dabba mai ƙiba da gashin baki, tana kwance kamar buhun shinkafa da ruwa ya jiƙa.

Kawu ya miƙe tsaye. "Ayu! Wallahi ayu ne!"

"Ɗan uwansa ne dai, Kawu. Wannan na teku ne, ayu kuwa yana kogunan ƙasar kakanninmu, kuma bambancinsu…"

Kawu bai ji sauran ba. Yana da rumfa a Uhudu inda yake sayar wa masu ziyara dabino da asuwaki da habbatus sauda da carbi. A ƙarƙashin tebur kuma akwai wasu ƙananan kwalabe na man ayu, waɗanda ya ce alhazan Najeriya ke kawo masa. Duk Bahaushen da ya yi aure ya san abin da ake yi da man ayu, ya kuma san ba a tambayarsa da murya a sama.

Kafin Juma'a ta zagayo, daga Uhudu har bakin Harami an san ɗan ƙanwar Kawu likitan ayu ne, takardunsa har shafi goma sha ɗaya. Dattawa masu farin gemu suka fara sallama a gidanmu, wai sun zo gaishe da duktur. Su zauna, su tambayi hanya, su tambayi sanyin Turai, sannan su matso su rage murya. Shi kuwa sai ya buɗe jaka ya yi musu lacca. Ya ce kitse ne ɗakin ajiyar guba a jikin dabba, duk ƙazantar da mutane suka zuba a ruwa can take taruwa, wanda ya shafa ko ya lasa ya gayyato ta jikinsa. Su gyaɗa kai, su ce masha Allah, su tashi su wuce rumfar Kawu.

Zan yi wa ƙanena adalci a nan, ya damu da gaske. Har rama ya yi. A lokacin ya sami aiki a wani ɗakin gwaji a Jidda, sai ya roƙi Kawu kwalba ɗaya ya tafi da ita. Bayan mako biyu ya dawo, ya same mu a tsakar gida, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

"Kawu, babu ayu a cikin abin nan. Kitsen wutsiyar rago ne da ɗan turare."

Kawu bai ko ƙifta ido ba. "Gubar fa?"

"Wace guba? Na ce maka rago ne."

"Akwai ko babu?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi. To faɗi haka, yaro. Ina ruwan mutane da sauran bayani?"

Daga ranar Kawu ya fito da kwalaben daga ƙarƙashin tebur ya jera su kusa da dabino. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa duktur ya kai Jidda ya gwada da na'ura, ya ce babu guba ko ɗigo. Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona wa ƙanena rai ke nan.

Wata safiya ƙanena ya ɗauki jakarsa ya tafi Uhudu, ya tsaya gaban rumfar lokacin da motocin ziyara suka sauke mutane. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabci, cewa abin da ke cikin kwalaben kitsen rago ne. Wani dattijo mutumin Nijar, kwalba a hannunsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ka taɓa gwadawa?"

"Na gwada a ɗakin gwaji."

"Ba wannan ɗakin nake nufi ba. Kana da iyali?"

"A'a."

"To ja bakinka ka yi shiru, ɗana. Wannan ilmin ba a Turai ake karanta shi ba."

Aka fashe da dariya, har Larabawan rumfar kusa da ba su ji komai ba suka taya. Mijina ne ya ba ni labarin dalla dalla, ya ce wucewa yake yi ya tarar ana yi. Wurin aikinsa a kudancin gari yake, Uhudu kuwa a arewa. Ban tambaye shi wace hanya ce ta biyo da shi ta Uhudu ba.

Shekara guda ƙanena da Kawu ba su haɗa ido ba, ko a sallar Idi kowa da sahunsa. Umma ta yanke cewa maganin abin aure ne, ta nemo 'yar wani direban tasi, malamar makarantar 'yan mata. Mahaifinmu ya rasu tun muna yara, ba mu da baffa a Madina, dole Kawu ne zai shige gaba. Ya yarda, da sharaɗin jakar za ta zauna a mota.

Jakar ta zauna a mota. Takardun kuwa, waɗanda a lokacin sun kai shafi goma sha uku, ƙanena ya ninke su ya cusa a aljihun jallabiya. Ana cikin gaisuwa ya ciro ya miƙa wa uban yarinya da hannu biyu. Mutumin ya juya su gaba da baya.

"Takardar gida ce?"

"A'a, Baba, tarihin bincikena ne."

"Kana shan taba?"

"A'a."

"Kana sallar asuba a masallaci?"

"Ina yi."

"Khalas, na ba ka." Ya miƙa wa Kawu takardun ya ce ya riƙe wa yaron kada su ɓata.

Amaryar ce mutum ta farko a danginmu da ta karanta su daga farko har ƙarshe. Ta gano kuskuren harafi biyu, ya sa aka sake buga duka. Suka koma Jidda da zama, ya ci gaba da yanka hanta yana aunawa, mu kuma muka ci gaba da ce wa mutane malamin jami'a ne, don ya fi sauƙin bayani.

Bayan wasu shekaru, wata rana muna kallon talabijin da Umma, aka nuna wani Bature da takalmin roba a bakin teku, yana nuna gawar dolfin, ana fassara cewa gubar masana'antu ce ta taru a jikinta. Maganar da ƙanena ya yi mana a tsakar gida har shayi ya huce sau biyu, ita ce dai. Umma ta matsa kusa da akwatin, ta kalla har aka gama, sannan ta ce in kira mata Jidda.

Da ya ɗauka ta ce, "Ɗana, ashe aikin nan naka na gaske ne. Yanzu na ga Bature yana yi."