Istiharar da Ban Yi Ba

Amincin Allah ya tabbata ga Edita da dukan mai bibiyar wannan shafi. Shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, ni mutum ne da ake saurara idan ya yi magana. Da safe ina koyar da Larabci a wata makarantar gwamnati, bayan la'asar in shimfiɗa buzu a zaurena da ke Abakpa, magidanta su kewaye ni da littattafan fiƙihu da nahawu, kuma ni ke jan salloli biyar a masallacin layinmu. Mai neman aure da mai sayen fili da mai shirin tafiya duk sukan zo su ce in yi musu istihara, ko da yake nakan faɗa musu cewa mai buƙata shi ya fi cancanta ya yi da kansa. Na saba in yanke magana a ce Allah ya gafarta Malam, a yi shiru, har na manta cewa shirun mutane ba hujja ba ce a kan gaskiyar mai magana.

Allah ya ba ni 'ya'ya bakwai, amma labarin nan na ɗan farina ne. Bisa tarbiyyar da na tashi a cikinta, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi mu yi hira ba. Idan ina da magana da shi, ƙanena mai shago a Kinkinau nake aikawa, shi ma ta wajen baffan nasa saƙonsa ke iso ni. Allah ya yi masa tsawo na ban mamaki. Sai ya sunkuya yake shiga zaure, kuma ladanmu yakan yi masa ba'a cewa tun da ya balaga masallaci ya huta da aron tsani, domin daga tsaye yake canza ƙwan lantarki. Tsawon nan ne ya kai shi ga ƙwallon kwando tun yana sakandare. Kafin in farga ya wuce wasan makaranta, ya buga wa jiha, wata ƙungiya ta ɗauke shi tana ba shi albashi, har aka fara jin sunansa a rediyo.

Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai. Na so ya gaje buzuna, ga shi kuwa da kaifin hadda fiye da dukan ƙannensa. Ina ƙyamar gajeren wando, ina ƙyamar wasan da ke cin lokacin magariba, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wasu abokan karatuna kan tambaye ni, da murmushi a bakinsu, ko ɗan Malam ya jefa nawa jiya. Sau uku na aiki baffansa ya ce masa ya bari. Sau ukun yana dawo mini da amsa mai ladabi, cewa bai taɓa barin salla ta kuɓuce masa ba, yana sa dogon wando a ƙarƙashin gajeren, kuma yana roƙon in yi masa haƙuri na 'yan shekaru. Da na bincika ban sami nassin da zan haramta masa ba, sai na haɗiye, amma ban yafe wa ƙwallon ba.

Yana da shekara ashirin da huɗu, ana rade-radin za a kira shi sansanin 'yan wasan ƙasa, sai ya yi tsalle a wani wasa ya dira ba daidai ba, gwiwarsa ta dama ta murɗe. Aka kawo shi gida a mota, ƙafar ta kumbura kamar tulu. Bayan kwana biyu kocinsu ya zo da kansa, dattijo ne wanda ba Musulmi ba, ya cire takalmi tun daga bakin zaure ya durƙusa ya gaishe ni. Ya yi mini bayani da Hausarsa ta bariki cewa an ɗauki hoto, ƙashi lafiya yake, jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta tsinke, kuma likita ya ce idan aka yi tiyata da wuri zai koma fili kafin shekara ta zagayo. Ƙungiya ta ɗauki nauyin komai. Ya ce yaron ya isa ya sa hannu da kansa, amma ya ƙi, ya ce ba za a taɓa shi da wuƙa ba sai da yardar Baba. Na ce masa ya ba ni kwana uku in nemi zaɓin Allah.

A nan ne na halaka kaina. Cikin kwana ukun nan ban yi raka'a biyun ba, ban karanta addu'ar ba, domin ina tsoron kada zuciyata ta karkata ga tiyatar. Na riga na ga ƙofar da na daɗe ina nema ta buɗe da kanta. Ban yi nufin ya nakasa ba, Allah shi ne shaida. Abin da na ƙudurta shi ne a yi jinyar gida mai tsawo, sansanin ya wuce shi, zuciyarsa ta yi sanyi, ya dawo zaure. A rana ta uku na tara mahaifiyarsa da baffansa na ce na yi istihara, ban ga alheri a tiyata ba, za mu kai shi wajen maɗori. Mahaifiyarsa ta buɗe baki ta ce ai an ce ba karaya ba ce, Malam, sai na dube ta, ta sunkuyar da kai. Baffansa ya shiga ɗaki ya sanar da shi. Da ya fito ya ce mini yaron ya ce zaɓin Allah ya fi nasa.

Muka kai shi Katabu wajen wani tsohon maɗori da na sani tun muna samari, mutumin kirki wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Ya lalube gwiwar ya daɗe, ya ɗago ya ce mini shi bai ji karaya ba, bai ji gocewa ba, aikinsa kuwa ƙashi ne, wannan ta fi kama da ta asibiti. Ko a nan Allah ya ba ni hanyar komawa, ban bi ba. Na ce masa istihara ce ta kawo mu. Jin haka ya ce to, ba ya jayayya da abin da aka nuna wa malamai. Maza uku suka danne yaron, aka ja ƙafar, aka jera karare aka ɗaure tam. Ina tsaye a waje ƙarƙashin bishiyar mangwaro, saboda kunya ba ta bar ni in tsaya a kansa ba, ina jin yana ta maimaita sunan Allah da muryar da ban san yana da ita ba. Kwana arba'in ƙafar tana miƙe a ɗaure. Da aka kwance, cinyar ta tsotse, gwiwar ta ƙage. Tiyatar da aka yi daga baya ta ba shi damar tafiya babu sanda, amma likita ya ce maganar tsalle ta ƙare, kuma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwashewa ta kai ƙarshe ba.

Na yi zaton zai dawo zaure. Ya dawo na wata biyu, yana zaune can baya da ƙafa a miƙe, littafi a buɗe, ido a wani wuri. Sai kocin nan ya aiko masa cewa yana buƙatar mai riƙe masa takarda a gefen fili. Daga riƙon takarda ya koma horar da matasa, ya je kwasa-kwasai ya sami shaidar koyarwa, ya yi shekaru yana mataimaki, ya bi wata ƙungiya zuwa wani gari, aka sallame shi bayan kakar da ba ta yi kyau ba, ya dawo gida ya sake farawa daga ƙasa. Yau shi ne babban kocin wata ƙungiya da ke buga gasar ƙasa, kuma ya taɓa kai su wasan ƙarshe. Waɗanda suka yi mini murmushi a da, yanzu su ke taya ni murna. Ni kuwa kowace taya murna kamar ana zuba mini garwashi ne.

Sau ɗaya tak na je kallonsu, da matsawar ƙanena, muka zauna can sama inda ba zai gan mu ba. Na ga mutumin da ban sani ba: yana ɗingisawa a gefen layi, yana nuni da yatsu, ƙarti goma sha biyu suna kallon bakinsa kamar yadda ake kallon nawa a zaure. Ana cikin wasa wani ɗan wasansa ya faɗi ya dafe gwiwa. Ɗana ya isa gare shi kafin kowa, ya zauna dirshan a ƙasa, tun da ba ya iya tsugunawa, ya kai kunne kusa da bakinsa yana sauraro. Ƙanena ya raɗa mini cewa dokarsa ce, duk wanda ya ji rauni ba ya kwana gida sai likita ya gan shi, kuma shi da kansa yake zuwa ya roƙi iyaye har sai sun yarda da abin da likita ya ce. Na ce mu tafi, kaina na ciwo.

Bara na yi rashin lafiyar da na zaci ta tafiya ce. Na karya al'adar shekara arba'in da ɗoriya, na sa aka kira shi, na ce kowa ya fita. Na ce masa akwai haƙƙinsa a kaina game da ƙafar nan, ina neman ya yafe. Ban kai ga bayani ba ya kama hannuna yana kuka, ya ce in daina, uba ba ya neman gafarar ɗa, ya yafe abin da ya sani da wanda bai sani ba. Sa'an nan ya faɗi maganar da ta rufe mini baki. Ya ce a shekarun farko, lokacin da yake ganin sa'o'insa a talabijin sanye da rigar ƙasa, har yakan ji kamar zai zauce, ba abin da ya riƙe shi sai tuna cewa Baba ya yi istihara, Allah ne ya zaɓa masa. Ya ce da wannan yake lallashin duk ɗan wasan da rauni ya yanke wa hanya. Na dube shi, na ce Allah ya yi masa albarka. Ya gyara mini mayafi ya fita.

Na warke, ban kuwa huta ba. Na karantar da mas'alar nan sau da yawa: haƙƙin Allah tuba na kankare shi, haƙƙin bawa sai bawan ya yafe, kuma malamai sun saɓa a kan yafiyar abin da mai haƙƙi bai san girmansa ba. Waɗansu sun ce ta wadatar, waɗansu sun ce idan da zai ƙi yafewa in ya ji, to ba ta wadatar ba. A da nakan kawo ƙaulin biyu in wuce babi na gaba. Yanzu ni ne a tsakaninsu. In na faɗa masa, na zare sandar da ya dogara da ita shekara ashirin. In na yi shiru, na tafi kabari da ƙaryar da na jingina wa zaɓin Ubangiji. Na yi istihara a kan wannan, ta gaskiya, ba sau ɗaya ba, har yau ƙirjina bai buɗe ga ko ɗaya ba. Wasiƙar nan ma ban sani ba ko fata nake ta kai gare shi ko tsoro.

Ya ku iyaye, musamman waɗanda Allah ya ba ilimi ake jin maganarsu, ku ji tsoron ranar da son zuciyarku zai ari rigar addini, domin ranar ba mai iya ce muku a'a. Kada ku ce an nuna muku abin da ba a nuna muku ba. Ku bar wa likita aikinsa, maɗori ma da ya san iyakarsa ku saurare shi. Kunyar ɗan fari ado ce, amma kada ta hana ku tambayarsa abin da yake so da ransa da jikinsa. Ni na nemi in raba ɗana da fili domin in kusantar da shi ga masallaci. Ga shi kuwa duk ranar da yake gari yana sahun farko a bayana. Idan na sallame na juyo, kowa ya naɗe ƙafafunsa a zaman tahiya, sai ƙafa ɗaya doguwa da ke miƙe ta keto sahu, tana nuno ni. Ina roƙon wanda ya karanta ya sa ni a addu'a.