Malam Sada Om-Nawa

Ku da kuka san Malam Sada kun san bai taɓa fita daga gidansa na Kambarawa ba sai da mitarsa ta awon wutar lantarki a aljihun gaba, wayoyinta biyu, ja da baƙa, suna reto. Yakan manta hula. Ya taɓa zuwa ɗaurin aure da takalmi wari da wari. Amma mita? Haba! In ka tsaya da mota a rumfarsa ta haɗa sautin mota da ke bayan Babbar Kasuwa, kafin ka gama "an wuni lafiya" ya riga ya zura kai cikin but ɗin motar yana tambaya, "Sifikar ga om nawa?" Da haka sunan ya bi shi har kabari.

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa, don haka tsokanarsa halal ce a gare ni, kuma na ci rabona. Abu ɗaya ne ban taɓa yi masa wasa da shi ba. A shekarunsa na ƙarshe kunnensa ya yi ta tafiya kaɗan-kaɗan, kuma daga ni sai matarsa Rabi muka sani. Mutumin da abincinsa ke cikin sauti! Kullum tsoronsa kada direbobi su gane, su ce kurma ke haɗa musu kiɗa, su watse su bar shi da rumfa da bakuna tara a gida.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Lokacin ina jan tasi, na samo sifika biyu na kai masa.

"Sada, ƙara mani su kan biyun da ke ciki. So nake in na shigo tasha a san na shigo."

Ya ɗora wayoyin mita, ya yamutsa fuska. "Kowacce om huɗu. In anka haɗa su yadda kake so, ja da ja, baƙi da baƙi, duk a baki guda, om ɗaya za su koma."

"To ba sauƙi ke nan ba? Ɗaya ai ya hi huɗu sauƙin ɗauka."

"Kai, wa ya ba ka lasisin tuƙi? Om birkin wuta ne! In ka rage birki a gangara mi zai faru? Amfilifayar ga taka mai ba sifika ƙarfi, om biyu ne iyakarta. In kana so in yi maka jerin gwano, biyu-biyu, wuta ta bi ta wannan kahin ta shiga waccan, a dawo om huɗu. Amma ƙarar ba za ta kai haukan da kake nema ba."

Ni kuwa haukan nake nema. Na kai wa wani ya haɗa mini yadda nake so. Kwana biyu na yi ina sarauta a tasha. A na uku, ina shigowa da fasinja cike, sai hayaƙi ya turnuƙe daga kujerar baya. Wata tsohuwa ta rafka salati, ta fita ta bar kazarta. Na lallaɓo rumfar Sada kamar kazar da aka tsamo daga ruwa. Bai ko ɗauko mita ba. Ya shinshina kawai.

"Warin om ɗaya," ya ce. "To madalla. Ai ka shigo tasha an san ka shigo."

Kuma kun san shi da rashin zubar da abu. Ya ɗaure ƙonanniyar amfilifayar da waya, ya rubuta sunana a jiki, ya rataye ta a ƙofar rumfa kusa da 'yan'uwanta da suka ƙone. Duk mai gardama sai ya nuna masa layin ya ce, "Zaɓi inda za a rataye taka." Na roƙe shi ya goge sunana, ya ce alli ya yi tsada.

Sai kuma Alhaji Mamman, dillalin hatsi, wanda ya sayo sabuwar sifika an rubuta om huɗu a kwalinta. Sada ya auna, mita ta nuna uku da rabi. Alhaji ya leƙa, ya ga lamba, sai ya miƙe yana gyara babbar riga.

"An yi mani ƙwange! Ni? Shekara nawa ina awo a kasuwar ga, yaro zai tauye mani mudu? Malam Sada, tashi mu tahi ya ciko mani rabin nan."

"Zauna, Alhaji. Sifika ba gero ba ce."

"Huɗu na biya!"

"Huɗu anka ba ka. Mita tana auna ta ne a kwance, tana barci. In kiɗa ya tashe ta ta hwara rawa, birkinta hawa yake yana sauka. Huɗun nan na lokacin aiki ne."

Alhaji ya koma ya zauna, ya ce, "Watau ita ma sai an jiƙa take kumbura."

"Ka ga ka gane. Da haka kunka iya gane wa'azi da tuni an huta."

Asirin kunnen ya tonu ne wata ranar da rumfa ta cika. Sada ya gama aiki a wata mota, mai motar ya kunna rediyo har gilashi na karkarwa, shi kuwa ya juya baya yana naɗe waya. Sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "To kunna mana mu ji." Wurin ya yi tsit, ban da kiɗan. Ina nan tsaye. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige a madadinsa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama tasha, bencin rumfar ya koma babu kowa sai ni. Rabi ta ce ko tuwo ya daina cinyewa.

Ana haka sai ga Alhaji Mamman da sabuwar bas, an haɗo mata sifika huɗu a wani wuri. Direbobi suka biyo shi don kallo. Ya matso daf da Sada ya ɗaga murya.

"An ce ba ka ji!"

Na buɗe baki zan kare shi, Sada ya riƙe mini hannu. "Gaskiya anka faɗa maka, Alhaji. Kunne ya tahi."

"To duba mani motar ga duk da haka."

Sada ya sa aka kunna. Mu masu kunnuwa muka gyaɗa kai, sauti zaƙwai, ba laifi. Sada ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu, ido a rufe. A ta baya ta hagu ya daɗe. Ya koma ta dama, ya sake dawowa.

"Wagga tana da ciwo."

Wani direba ya yi dariya. "Ina ka ji?"

Sada ya kwance sifikar ƙofar ya ɗora mita. Sauran ukun uku da rabi, ita kuwa da kyar ta kai biyu. Ya kai ta hancin mai dariyar, sai ga warin ƙuna. Zaren wayar cikinta ya fara narkewa yana haɗewa, da ta ƙara kwanaki da ta ja amfilifayar sun tafi tare.

Alhaji ya juyo ya dube mu. "Mu goma sha wani abu, kunnuwa sun hi ashirin. Mi munka ji?"

Washegari mai dariyar ne farkon layi. Daga nan aka koma yi wa Sada magana da hannu da rubutu a bayan kwali, shi kuma ya samu abin da ya daɗe yana nema: ya yi wa mutum faɗa son ransa, ba ya jin amsa. Bencin bai sake zama babu kowa ba har ranar da ya kwanta ciwon ajali, kuma duk 'ya'yansa da wannan rumfa aka raine su.

Sau ɗaya ya taɓa kai mini kuka. Ya ce shi ba kiɗa ya yi kewa ba, kiran sallar unguwarsu ne da muryar jikarsa.

Ya Allah, ga bawanka Sada. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka rufa wa Rabi da yara asiri. Ka mayar masa da jinsa cikakke, abu na farko da zai shiga kunnensa ya zama sallamar mala'iku. Amin.