Wayar da Ke Ƙara Sau Ɗaya

Tun da asuba take goge wayar tebur da bakin zanenta, a wani ɗan ofishin motocin kaya da ke unguwar Roumdé Adjia. Direbobi na ce mata Mama Viviane. Gajeriya ce, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, tabaranta ɗaure da zare. Yatsunta sun cinye lambobin jikin wayar, ba sai an faɗa maka daɗewarta a nan ba.

Mai ofishin yanzu a Maruwa yake zaune. Daga can yake danna wasu lambobi, duk kiran da ya shigo sai ya karkata zuwa wayar aljihunsa. Ta teburin takan yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru. Amma kullum sai hannun Mama ya tashi, ya tsaya, ya koma kan cinya.

Da alama dā ita ce bakin ofishin nan. Falken shanu daga Meiganga sai ya tambayi gida da gajiya da damina kafin ya zo kan maganar mota, ita kuma ta amsa masa duka. Yau ko kujerar ba ta da tabbacin kwana a hannunta.

"Mama, gadin gawa kike yi!" in ji wani direba.

"Gawa ba ta tari, ɗana."

Wayar ta sake tarin nata. Wannan karon Mama ta ɗauka, ta gyara murya, ta yi wa layin da ba kowa a kai ina kwana da Fulatanci: "Alo, a waali jam?"