Ishaya ya tafi da waƙarsa

Da safen nan labari ya same ni ina shirin fita aiki: Ishaya ya rasu. Hatsarin mota ne a titin Wendover, nan ƙasar Turawa da muke zaune, yana dawowa daga sito ɗin da yake aiki. Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata, na kasa tashi.

Waɗanda ba su gane shi ba, shi ne dogon nan ɗan Kafanchan mai kaɗa jita a bayan mawaƙan cocinmu, wanda ba ya ɗaga kai.

Shi ke hau mini da buhun shinkafa bene. Ranar da motata ta ƙi tashi cikin sanyi, ya zo da rigar barci a ƙarƙashin jaket. In na yi godiya sai ya ce, “Anti Rifkatu, a biya ni da miyar kuka kawai.”

Na ɗauka na san shi. Ashe rabinsa na sani.

Wata Asabar da rana ruwan sama ya koro ni daga tashar bas zuwa wani ɗan shagon kofi a Elm Street. Ga wasu mutum huɗu a lungu suna kiɗan rock, irin wanda nake ce wa jikokina su rage mini ƙara. Masu sauraro ba su cika kujerun ba. Na duba da kyau, mai waƙar Ishaya ne! Ido rufe, murya sai ka ce ba ta mutumin da ke gaishe ni a sunkuye ba. Turancin ban kama duka ba, amma na ji kewar gida a ciki, na tsaya da jaka a hannu ina hawaye.

Kun san halina. Da abin ya kai mini ko'ina, ban san sa'ad da na rangaɗa guɗa ba. Wani Bature ya zubar da kofinsa, mai shagon ta fito a guje tana neman inda wuta ta kama. Ni kuwa na wuce gaba abina, na liƙa masa dala a goshi. Baturiyar da ke buga musu ganga ta yi dariya har sandan kiɗan ya faɗi daga hannunta.

Bayan sun gama ya ce, “Anti, don Allah kada a ji a coci. Za su ce na lalace.”

Na ce ko a jikina, amma na riƙe masa sirrin. Daga nan na zama 'yar kujerar gaba, da zani da ɗankwali. Yaran nan sun iya kiɗa, Allah ya sani, gari ne kawai bai san da su ba.

Ganinmu na ƙarshe a shagon da ake sayar da kayan abincin gida ne, a titin Gate City, makon jiya. Ya ja ni gefe wajen doya, ya ce ya gaji da ɓuya. Ya yi sabuwar waƙa da Hausa, ta mahaifiyarsa, kuma Asabar mai zuwa zai rera ta. “Ki gayyato mutanenmu, Anti. Ko sau ɗaya ina so in buɗe ido in ga masu jin abin da nake faɗa.” Na ce ya ɗan rera mini. Ya ce a'a, sai ranar.

Na riga na gayyaci zumuntar mata. Sun ce za su zo.

Ɗazu mai gangar ta kira ni tana kuka. Ta ce kiɗan sabuwar waƙar yana hannunsu, sun yi ta gwada shi tare, amma ba su ɗauka a waya ba, kuma cikinsu babu mai jin Hausa. Ta tambaye ni ko na san kalmomin. Na ce ban sani ba. Su da suka ji ba su gane ba, mu da za mu gane ba mu ji ba.

Duk da haka za su kaɗa ta ranar Asabar, babu murya. Zan je. Ku zo mu cika masa kujerun.

Ubangiji ya ba Ishaya hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da tsohuwar da aka yi wa waƙar ba ta sani ba. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi da ita cikin addu'a.