Ranar da Maɗigar Ɗiyata Ta Faɗa

Ni ba mai son fita ba ce. Ko bikin maƙwabta sai an yi ta aike kafin in yafa gyale. Amma da aka yi haihuwa a gidan su maigidana a Nahuce, ba yadda zan yi. Na goya ɗiyata, lokacin ko rarrafe ba ta fara ba, muka baro Gusau cikin zafin bazara.

Ranar suna zawo ya kama ta. Kafin azahar ta yi laushi, idanu sun zurma, tana kuka ba hawaye. Maɗigarta, wurin nan mai taushi a tsakar kan jariri, ta lotsa kamar an danna tuwo da yatsa.

Gidan suna kuwa ba a rasa likitoci. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta ajiye ludayi ta zo duba mara lafiya. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce bakin mutane ne, wai yarinyar ta cika kyau. Sai ga babbarsu, gwaggon maigidana, tsohuwar da duk garin ke kai wa yara in maɗiga ta faɗa. Ta shafa kan ɗiyar, ta taɓe baki.

“Ku 'yan birni mi kunka sani ga goyo? Kak ki ƙara ba ta ruwa.”

“Gwaggo, ƙishi take ji.”

“Ƙishi? Abin da kinka zuba shi ka fita ta ƙasa. Ko nonon ma ki rage.”

Ta kwaɓa wani baƙin abu da man shanu ta liƙa mata a ka. Sannan ta zura babban yatsa cikin bakin yarinyar tana tura saman bakin, wai tana ɗago maɗigar daga ciki, kamar mai gyaran kwanon da ya lotsa. Mata suna ta “Sannu, Gwaggo,” sai ka ce ita ke zawon.

Na zagaya bayan rumbu na kira ƙanwata a waya. Tana makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe, kuma tun da ta sa farar riga ba ta iya gaisuwa ba tare da darasi ba.

“Yaya, kin san jikin mutum yawancinsa ruwa ne? Na jariri ma ya fi. Abinci sai ya narke cikin ruwa jini ke ɗaukarsa ya kai ko'ina, gishirin jiki ma a cikinsa yake, shi ya sa...”

“Ke malama, ɗiyata ke mutuwa, ba jarrabawa zan zauna ba.”

“To ruwan jikinta ne ya ƙare, shi ya sa wurin ya lotsa. Ki ba ta nono sosai. A sayo garin gishiri da sukari na leda a kemis, ki dama da dafaffen ruwa, ki riƙa ba ta da cokali. In ta ƙi sha, ku wuce asibiti Bungudu yanzu.”

Na sa aka kira min maigidan daga ƙarƙashin darbejiya, inda maza ke jiran tuwo. Ya saurare ni ya ce, “Ai Gwaggo ta san aikinta. Ni ma ita ta gyara min tawa.”

Na dubi kansa, na haɗiye abin da ya zo min. Na ce, “In wannan ta mutu, Gwaggo za ta haifo maka wata?”

Ya hau babur.

Da ya dawo daga kemis da ledar, na dama, na shige ɗaki da yarinyar na ce barci take. Cokali, nono, cokali. Da na ji takun Gwaggo sai in tura kofin ƙarƙashin gado, kamar mai shayar da 'yarta abin kunya. Da farko tana turo shi da harshe, daga baya ta kama cokalin da dasashi ta ƙi saki. Wajen magariba na ji ɗumi a cinyata. Fitsari! Ban taɓa murnar jiƙa min zanen biki ba sai ranar.

Da safe maɗiga ta ciko, idanu sun dawo. Gwaggo ta karɓi yarinyar, ta ɗaga ta sama a tsakar gida.

“Kun gani? Kwana guda!”

Na ce, “Gwaggo, ruwa fa na yi ta ba ta.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “To ki gode Allah maganina ya fi ƙarfin wautarki.”

Yarinyar yanzu tana firamare. Duk zuwanmu Nahuce sai Gwaggo ta jawo ta, ta zame mata ɗankwali a gaban masu jego tana nuna musu tsakar kanta, su kuma suna layi da jariransu masu busasshen leɓe.