Ƙwayar Fita Kunya

Mu a Kibiya ba a kama mu ba shiri. Tun da siyasa ta dawo muka ƙware. In ciyaman zai zo buɗe famfo, tanka ce za ta riga shi zuwa ta ɗura ruwa. In masu duba makaranta za su zo, a aro yara daga Fammar har da bencinansu. To, a irin wannan gari aka ce a riƙa auna jinin ɗana.

Yana ɗan shekara tara aka dasa masa ƙoda, kuma tawa aka ciro. Likita a Kano ya ce jiki ba ya son baƙo, sai yaron ya riƙa shan wata ƙwaya safe da yamma don kada jikinsa ya kori ƙodar. In maganin ya yi yawa a jini ya yi ɓarna, in ya yi kaɗan ƙoda ta tafi. Saboda haka duk wata malamin asibitin garinmu zai soki yatsansa, ya ɗiga jini a 'yar takarda, in ta bushe a ba direban Rano ya kai birni. Sharaɗi ɗaya ne tak: a ɗibi jinin da safe, kafin ya sha magani. Na faɗi wannan a gida har bakina ya gaji.

Maganin kuwa a ɗakin surukata Hajiya yake, cikin kwalla, don ita ba ta mantuwa. Ranta ne yaron nan. "Maigidana" take ce masa, irin wasan kaka da jika.

Sakamako ya fito, wai magani ya yi yawa, a rage. Wata na gaba ma haka, aka ƙara ragewa. Hajiya har da rangaɗa guɗa. "Kin ji ko? Jinin maigidana cike yake taf!"

Sai fitsarinsa ya ja baya, ƙafafu suka kumbura. Hankalina ya tashi, muka kwashe shi sai Kano, Hajiya na biye. Likita ya juya takardu ya rasa gane kansu. Ya tambaye ni, na rantse ban taɓa saɓa lokaci ba. Sai ya juya ga yaron.

"Ranar gwaji ƙwaya biyu nake sha," in ji shi, "in na shiga gaida Hajiya da safe."

Innalillahi! Ranar na manta da wata kunyar surukuta. "Hajiya, me kika yi mana haka?"

Ko a jikinta. "Yo ke, gwaji fa aka ce. A kai jininsa birni a tarar wayam, a ce gidanmu ba ma ba shi magani? Ko baƙo za ki yi ai kya share tsakar gida."

Likita ya yi mata bayani a hankali: wannan jinin na kwalliya ya gani ya yi ta rage magani, ga shi yanzu jiki ya tasar wa ƙodar. Za su gwada ceto ta, amma bai yi alkawari ba.

Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Likita, ni ma biyu gare ni ko? A cire duka."

Ya sunkuyar da kai ya ce shekarunta sun wuce. Ta juyo ta dube ni, ni da saura ɗaya gare ni. Muka zauna a bakin gadon muna jiran ya yi fitsari.